Kujerar da Babana Ya Ba da Aro

Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Disamba, 1991, tun rana ba ta yi zafi ba aka kwashe mu daga makaranta aka jera a bakin titin filin jirgin sama, kusa da Kuchigoro, kowa da 'yar tutarsa ta takarda a hannu. An ce ranar ce gwamnati za ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, kuma mu ne za mu yi mata barka da zuwa. Tun jajibere aka sa muka wanke yunifom, ni har gugar gawayi na yi wa nawa, uwata kuma ta shafe mini ƙafafu da man kaɗanya don kada baƙi su ga faso. Muka yi ta tsayuwa har gwiwoyi suka yi tsami, wata yarinya ta faɗi aka yayyafa mata ruwa aka sake miƙar da ita. Da motocin suka iso ko rage gudu ba su yi ba. Jiniya da babura a gaba, baƙaƙen gilasai a baya, ba mu ga fuskar kowa ba. Duk da haka na ɗaga tutata na yi ta kaɗawa da iyakar ƙarfina, ina ihu har muryata ta dushe. Har yau in na tuna ihun nan sai raina ya ɓaci, domin abin da nake yi wa maraba shi ne ya tashe ni daga ajin kimiyya kafin shekara ta zagayo, ni kuwa a duniya ba abin da nake so kamar ajin nan.

Sunana Laraba, 'yar Gbagyi ce ni, mu da Hausawa ke ce wa Gwari. Ƙauyenmu yana bayan Kuchigoro a gindin wani dutse, a lokacin kuma ina aji huɗu a sakandaren jeka-ka-dawo da ke yankin. Gidanmu babba ne, ɗakunan ƙasa da rumbuna, babana da ƙannensa biyu da iyalansu duk a ciki. Babana coci yake zuwa, ƙanensa ɗaya yana salla, ɗayan bai bar addinin kakanni ba, amma kwano ɗaya suke sa hannu. Aikin safe namu ne mu mata: shara, ɗebo ruwa a rafi, surfen dawa, ba awaki dusa. Mu matan Gbagyi a kafaɗa muke ɗaukar kaya, ba ma ɗora wa kai komai, saboda haka kafin in isa makaranta kafaɗata ta riga ta gaji da tulu. Ranar Asabar ta gona ce. Babana da yayyena maza suna gaba suna tada kunyar doya, mu muna biye da iri a ƙwarya, mu binne, mu rufe kan kowace kunya da busasshiyar ciyawa da ɗan dunƙulen ƙasa don kada rana ta dafa irin. In an tashi shan kunu sai mu zauna a inuwar ɗorawa mu yi carafke, maza su yi langa ko su bi ramin gafiya da hayaƙi. Ban taɓa jin mun rasa wani abu ba, sai dai ni tun a lokacin na san ba a gona zan ƙare ba. Haɗa magani nake so in karanta, kuma kowa a gidan ya sani, don na ishe su da faɗa.

Akwai wata al'ada ta mutanenmu da sai na bayyana ta kafin a gane abin da ya same ni. In baƙo ya zo neman wurin noma ko wurin zama, ba a hana shi. Zai kawo goro ko kaza, a kai shi a nuna masa daga wancan itace zuwa wancan dutse, shi ke nan. Ba a rubuta komai, ba a sayar da komai, ƙasa tana nan ta mai ita. Abin da ke kan baƙo shi ne duk kaka ya ɗauko ɗan abin da ya noma, damin dawa ko 'yan doya, ya kawo gidan mai gona. Wannan zuwan shi ne shaidar ya san aro aka ba shi, kuma a zaman nan ne kaɗai mai gona zai iya cewa baɗi yana son wurinsa. Kafin nan, babban abin kunya ne ka taka ka je ka tambayi baƙo yaushe zai tashi. Babana ya riƙe al'adar nan da hannu biyu. Fulani sun zauna a bayan gidanmu a kanta, Hausawa 'yan koli sun zauna a kanta. Har shugaban makarantarmu, wanda muke kira Firinsifal, yana da gonar masara a fadamar babana shekara da shekaru, kuma duk kaka da kansa yake zuwa a kan babur da buhu ɗaure a baya, ya zauna a kututturen ƙofar gida su sha kunu su yi hira. Ya san al'adar ciki da bai.

Malamin kemistirinmu, Malam Iliya, dogo ne siriri, wandonsa kullum bai kai idon sawu ba, kuma alli ba ya barin gashin girarsa. Makarantar ba ta da hoton jadawalin sinadarai ko na rantsuwa. Da ya gaji da roƙon a sayo, wata safiya sai ya shigo ya ce kowa ya tashi tsaye, ya sa maza suka ja bencina suka jera huɗu huɗu, kowane benci mutum biyu, kowane layi ya zama mutum takwas. Ya ce daga yau ajin nan shi ne jadawalin, mu ne sinadaran. Ya ɗauki yaron da ya fi kowa ƙanƙanta ya ajiye a gaba can hagu shi kaɗai, ya ce shi ne haidurojin, lamba ɗaya, wanda ya fi kowa rashin nauyi. Ya ɗauki wata mai shiru-shiru ya ajiye can dama, hiliyom, lamba biyu, tsakaninsu babu kowa. Daga nan ya cika layi na biyu tun daga litiyom har niyon, na uku tun daga sodiyom har agon, fotasiyom da kalsiyom, lamba sha tara da ashirin, suka zauna a baya su biyu. Ya ce in ka bi layi daga hagu zuwa dama, lamba tana ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon yawan furoton da ke cikin ƙwayar kowane sinadari. Amma abin da ya fi so mu kula da shi shi ne wanda ke gabanka da wanda ke bayanka, domin su ne 'yan gidanku. "Na gefenka maƙwabci ne kawai," in ji shi, "na gabanka da na bayanka halinku ɗaya."

Bai raba sunayen nan da ka ba, halinmu ya duba, shi ya sa ba wanda ya manta nasa. Gida na ɗaya, can hagu, ya zuba yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya. Ɗanjuma, ɗan ƙanen babana, shi ne sodiyom, ƙarfen da Malam ya ce a cikin kananzir ake ɓoye shi, don in ya taɓa ruwa sai ya hau tsalle yana huci. Ya ce masifar gidan nan ƙaruwa take in aka gangara baya, sai duk muka juya muka kalli fotasiyom, wanda dama makon nan aka yi masa bulala a kan faɗa. Gida na biyu su magnisiyom da kalsiyom ne, masu zafi amma da sauƙi, kalsiyom ɗin nan na cikin alli da ƙashi da ɓawon ƙwai. Tsakiya akwai kabon na gawayi, da alminiyom na tukwanen zamani, da salfa da muka sani da farar wuta. Gida na takwas, jikin taga, ya ajiye masu ji da kansu, waɗanda ba sa aron biro ba sa ba da aro. Ni kuwa ya dube ni ya yi murmushi ya ce in zauna gida na bakwai, layi na uku. Kulorin, lamba sha bakwai, iska mai shaƙe mutum, wadda ake sa wa ruwan famfo ta kashe ƙwayoyin cuta. Na ce ni ba na shaƙe kowa, aji ya fashe da dariya, shi kuma ya ce in gode Allah, fulorin da ke gabana ta fi ni masifa.

Dalilin wannan hali ya koya mana shi da gujjiya. Da gyaɗa ya fara, fotasiyom ya cinye tasa kafin a gama bayani, sai Malam ya koma kawo busasshiyar gujjiya mai karya haƙori. Ya ce kowace ƙwayar sinadari tana da ilektiron da ke zagaye ta hawa-hawa, kuma na hawan waje su ne ke yanke halinta. Ya ba 'yan gida na ɗaya gujjiya ɗaya ɗaya, na biyu bibbiyu, haka har gida na takwas, sai dai hiliyom da ya ce biyu sun cika ta. Burin kowa ya ga hawansa na waje ya cika. Mai ɗaya ya fi masa sauƙi ya yar da ita ya huta, mai bakwai kuma idonsa na kan ta kowa. In an fita hutun ƙarfe tara sai mu zana gidajen a ƙasa kamar na dara, a ƙarƙashin mangwaron bayan aji, Malam ya tafa hannu kowa ya ruga neman abokin ciniki. Ɗanjuma ya miƙo mini tasa guda, tawa ta cika takwas, mu riƙe hannu, aji ya ɗauki waƙar "gishiri, gishiri" yana tafi. Magnisiyom yana yawo da biyu yana neman masu karɓa, 'yan gida na takwas suna tsaye sun harɗe hannu, ba su ba kowa ba su karɓi na kowa. Ranar da na gane cewa gishirin miyar uwata haɗuwar ƙarfe mai tsalle a ruwa ne da iska mai shaƙewa, na dawo gida na ɗebi gishiri a tafin hannu na yi ta kallo har ta ƙwace ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Malam ya gaya mana mutumin Rashan da ya fara tsara jadawalin ya bar gurabu babu komai, ya ce akwai masu wurin, ba a dai gano su ba tukuna, daga baya kuma aka gano su da irin halin da ya faɗa. A jarrabawar ƙarshen zangon nan ni na zo ta ɗaya a kemistiri.

Bayan hutu sai baƙi suka fara sauka. Manyan motoci suna shigowa daga kudu da gadaje da firji da kujerun falo, ma'aikatan gwamnati da iyalansu, wasu 'yan Arewa ne da suka daɗe a Legas, wasu 'yan can ɗin ne. Makarantun cikin gari suka cika, aka fara turo mana ragowar. Kowane uba kuma kimiyya yake so ɗansa ya yi, kowanne yana da wani oga a sama da zai yi masa magana. Ajin kimiyya ɗaya ne, ɗakin gwaji ɗaya ne, shi ma rabinsa sito ne. Da zafi ya fara, Firinsifal ya kira taron iyaye, amma iyayen ƙauye kaɗai ya kira. Mu ɗalibai muna laɓe a bayan taga muna ji. Bai yi Turanci ba ranar, Hausa ya yi mai laushi, har da gaisuwar Gbagyi a farko. Ya ce baƙi sun zo daga nesa, ba su da wurin zama, kuma kowa ya san mutanen ƙasar nan ba sa barin baƙo a tsaye. Ya ce aron wuri kawai yake roƙo, yaranmu su ɗan koma ajin adabi da kasuwanci kafin gwamnati ta gina sababbin azuzuwa. Yana maganar yana kallon babana. Ni kuwa ina ganin babana ya gyara hula na san an gama da ni. Ya miƙe, shi ne na farko, ya ce 'yarsa ta ba da wurinta. Ƙanensa ya miƙe ya ba da na Ɗanjuma, sauran iyaye suka bi, aka yi musu tafi. Ba wanda ya leƙo taga ya tambaye mu.

Ranar Litinin aka kira sunayenmu a wurin taron safe aka ce mu kwashe jakunkuna. Wadda ta gaji wurina sunanta Bilkisu, 'yar wani ma'aikaci ɗan Arewa, haihuwar Legas, Hausarta duk ta cakuɗe da Yarbanci. Na so in tsane ta, na yi iyakar ƙoƙarina, abin bai yiwu sosai ba, don ita ma kuka take yi a kan ƙawayenta da ta baro. Ajin da aka kai ni bango ɗaya ne tsakaninsa da na kimiyya, bangon kuma bai kai rufi ba, duk abin da Malam Iliya ya faɗa ina ji. A makon farko ana koya mana yadda ake rubuta wasiƙar kasuwanci, sai na ji muryarsa ta bango ya kira kulorin. Kafin in ankara na amsa da ƙarfi na miƙe tsaye. Ajin duka biyu suka kwashe da dariya, malamar da ke gabanmu ta sa ni durƙuso a rana har aka tashi. Ina durƙushe ina jin Bilkisu tana laluben amsar da na sani tun kafin ya gama tambayar. Ranar ban ci abinci ba, kuma da na je rafi da yamma na fasa tulu, ban kuma ba kowa haƙuri ba.

Na roƙi babana har na gaji. Na same shi a gona yana kafa wa doya sanda, na same shi yana wasa fartanya, na sa uwata ta yi masa magana, na sa ƙanensa mai salla ya yi masa. Na gaya masa karatu ba ya jira, abin da aka koya yau in ka rasa shi gobe ba za ka gane na gaba ba. Amsarsa ɗaya ce kullum, da harshenmu, cikin natsuwar nan tasa mai ƙona rai: baƙo bai ko huta ba, ya za a yi ya je ya ce masa tashi? In kaka ta yi uban yarinyar zai zo da kansa ya yi godiya, a nan ne za a yi maganar. Malam Iliya da kansa ya taka har gonarmu ranar wata Asabar, takalminsa duk taɓo. Ya gaya wa babana ƙiri-ƙiri cewa ba wani aji da ake ginawa, ko bulo ɗaya ba a sauke ba, kuma in muka shiga aji biyar a haka, darussan da muke ciki su za a yi mana rajistar jarrabawar ƙarshe da su. Babana ya saurare shi har ya gama, ya sa aka gasa masa masara, ya ce Firinsifal mutuminsa ne, ya sha kunu a gidansa, ba zai yi masa haka ba. Malam ya tafi da masararsa a hannu bai ko gatsa ba. Na bi shi har bakin hanya ina kuka, ya ce in riƙa zama kusa da bangon. Haka na yi damina guda da kunne ɗaya a ajinmu ɗaya a nasu, har karatuna ya lalace a duka biyun.

Kaka ta yi. Aka haƙe doya aka jera a rumfa, aka yanke dawa. Fulani suka kawo nono da man shanu, 'yan koli suka kawo dammunansu, kowa ya zauna a kututture ya sha kunu ya tafi. Babana ya sa aka ware wani zakara aka daina barinsa yawo, don baƙon Legas. Duk yamma sai ya sa wankakkiyar riga ya zauna a ƙofar gida yana fuskantar hanya, in ya ji ƙarar mota ya gyara zama. Uban Bilkisu bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ko sunan ƙauyenmu bai sani ba, ba wanda ya gaya masa an tashi wata an zaunar da 'yarsa. Wanda ya sani shi ne Firinsifal, shi kuwa a shekarar nan bai zo ba, wani ɗalibi ya aiko da buhun masarar ya ajiye a ƙofa ya juya. Babana ya daɗe yana kallon buhun nan. Washegari ya ce in sa yunifom in biyo shi. Abin da ya yi ranar, a wurinsa, daidai yake da fita tsirara kasuwa, domin tun da aka haife shi bai taɓa zuwa tambayar abin da ya ba da aro ba. Don ya rage kunyar sai ya zaɓi manyan doya ya ce in ɗauka, kada a ce hannu rabbana muka je.

Aka bar mu a benci a ƙofar ofis har rana ta take, iyaye masu mota suna shiga suna fita. Da aka ce mu shiga, babana ya cire hula ya cire takalmi, na sauke doyar a gefen tebur. Firinsifal bai ce mu zauna ba. Babana ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi masara, sannan ya sunkuyar da kai ya yi magana da 'yar Hausarsa.

"Oga, ka yi haƙuri da zuwa na. Yarinya na ya ba baƙo wurin shi aro. Yanzu kaka ya yi, ina so ya koma."

Firinsifal ya yi 'yar dariya ya dubi akawunsa ya faɗi wani abu da Turanci, wanda ni na gane, babana kuwa bai gane ba, cewa mutanen nan sai a hankali. Sannan ya juyo.

"Baba, ai makaranta ba gona ba ce. An riga an yi rajista, ba a canzawa. Da ka zo da wuri, da an duba."

Da ka zo da wuri! Shi da ya san sarai abin da ya hana babana zuwa da wuri, shi da ya gina dabararsa kacokan a kan haka. Na buɗe baki zan yi magana, babana ya riƙe mini hannu ya matse har na ji zafi. Ya yi godiya. Wallahi godiya ya yi, ya sa hularsa, muka fito. Muna bakin ƙofa na ji Firinsifal yana ce wa masinja ya kai doyar bayan mota. A hanya babana yana gaba ina baya, sai da muka kai rafi ya tsaya ya wanke fuska ya daɗe yana wankewa. Na yi tsammanin zai karɓe fadamarsa. Bai karɓa ba, ya ce maganar gona sai mutum ya zo da ƙafarsa an zauna, Firinsifal kuma bai sake zuwa ba har aka yi masa canjin wurin aiki. Wannan ya ƙara mini wuta fiye da komai, na yi wata da watanni ban kai wa babana abinci da hannuna ba.

Na gama sakandare a ajin da ban zaɓa ba, da sakamakon da bai kai ni ko'ina ba. Ɗanjuma bai ma gama ba, ya bi motocin yashi. Darasin ƙarshe da na tsinta ta bango shi ne ranar da Malam Iliya ya ce wa ajinsa su matsa da bencina, za a buɗe tsakiyar jadawalin a shigar da wasu gidaje goma tsakanin gida na biyu da na uku, gidajen ƙarfe da jan ƙarfe da tutiya da azurfa da zinariya. Ina jin ƙarar jan bencin, sai aka zo aka ce ajinmu ya koma wani gini can bakin fili, don wannan ma baƙi suna so. Yau shekaruna sun haura na uwata a lokacin. Fadamar babana da gonar doya duk sun zama gidaje masu doguwar katanga, mu kuma muna Dei-Dei, inda nake da 'yar rumfa a kasuwar kayan gini ina sayar da ƙusa da waya da kwanon rufi. Fushina da babana ya huce tun kafin ya rasu, domin shi abin da ubansa ya koya masa ya yi, kuma a duniyar da ya sani abin yana aiki. Fushina da mutumin da ya sha kununmu ya koyi halinmu ya juya ya yanke mu da shi kuwa yana nan, ban kuma yi niyyar ajiye shi ba.

Yaran yanzu suna da jadawalin a waya, mai launi-launi, su taɓa sinadari ya buɗe musu komai. 'Yar autata takan kawo mini nata in tana son ta ji na rero mata daga haidurojin zuwa kalsiyom ba tare da na duba ba, da gidan kowa da halinsa, ta yi ta mamaki. Rannan a rumfa ta ɗauki ƙusa ɗaya ta tambaye ni ilektiron nawa ne a hawan waje na ƙarfe, me ya sa kuma yake tsatsa zinariya ba ta yi. Na karɓi ƙusar na juya ta a hannu, abin da nake aunawa a sikeli tun safe har yamma, na ce ta tambayi malaminsu. Ni a kan lamba ashirin aka tashe ni.